Audugar gilashi, zuma, man azurfa ko goz: wanne za a ɗora wa gyambon da ya ƙi warkewa?

Duk gidan da ke da mai ciwon suga da ƙafa ta fashe, ko mai sikila da gyambon idon sawu, ko tsohon da ya daɗe kwance har baya ya fara tsagewa, sun san wannan rigimar. Kowa ya zo dubiya da nashi maganin, wannan ya ce zuma, wancan ya ce a sayo man ƙuna na Dermazin, nas ta ce a dai ci gaba da kawo Baba wankin ciwo, yanzu kuma ga sabuwa ta shigo, yara masu waya sun gano akwai wani gilashi a Amurka da ake ɗorawa a ciwo, gilashin ya narke, sabon nama ya tsiro, har masu ɗa ko ƙane a waje sun fara shawarar ko a sa shi ya sayo ya aiko. Gilashin nan akwai shi, ba ƙaryar intanet ba ce, kuma ni kaina abin yana burge ni sosai. Amma kafin a sa yaro ya kashe dalolinshi ya kamata a zauna a auna shi da abubuwan da ke hannunmu nan Katsina.

Da mi za a auna

Farko dai irin ciwon, don ƙunar ruwan zafi da yaro ya jawo da safen hunturu daban take da ramin da ke tafin ƙafar mai suga, wani ciwon ruwa yake zubarwa har ya jiƙa zani, wani kuma a bushe yake ƙamas, wani yana wari da mugunya, wani ja ne tas yana jiran fata kawai ta rufe. Sai kuɗi, kuma ba kuɗin abin da aka ɗora kaɗai nake nufi ba, har da kuɗin Keke Napep ko mota in daga ƙauye ake zuwa, da kuɗin mai wanki, da ranar aikin da ɗan rakiya ya rasa. Sai kwana nawa abu yake yi kafin a canza shi, da kuma wa zai iya sa shi, likita ne dole ko 'yar gida da aka nuna mata sau biyu za ta iya. Sai haɗarinshi, sannan hujja, wato an gwada shi a kan mutane an gani ko kuwa labari ne.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mu cire a kai tun yanzu, zancen a bar ciwo a buɗe ya sha iska ya bushe. Tun 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya nuna cewa ciwon da aka rufe yana da ɗan danshi ya fi saurin yin fata a kan wanda aka bari ya yi ɓawo, kuma duk kayan wankin ciwo na zamani a kan wannan aka gina su. Ɗan danshi fa, ba jagwab ba.

Goz da ruwan gishiri na asibiti

Shi kowa ya sani, a wanke da nomal salin, a ɗan sa ayodin in da buƙata, a ɗora goz a naɗe da bandeji. Araha ne a ranar da ka saya kuma ba kemis ɗin da za ka shiga daga Ƙofar Kaura zuwa Ƙofar Marusa ka rasa shi, haka a Daura ko Mani ko Dutsin-Ma. Matsalar ita ce kullum sai an canza, wani lokacin safe da yamma, toh in ka haɗa kuɗin wata biyu ko uku sai ka iske arahar ta gudu. Sannan goz yana bushewa ya manne, duk wanda ya taɓa tsayawa ɗakin wankin ciwo ya ga yadda dattijo mai furfura yake damƙe ƙarfen gado yana salati lokacin da ake ɓamɓaro shi, kuma wannan jan naman mai ƙuraje-ƙuraje da yake biyo goz ɗin da ɗan jini shi ne sabon naman da aka kwana ana jira. Maganin wannan ba wuya, a jiƙa tsohon goz da salin kafin a cire, a riƙa shimfiɗa goz mai man basilin irin su Jelonet a ƙasa tukuna. Kada a sa auduga kai tsaye a ciwo, zarenta maƙalewa yake. Su sifirit da haidirojin mai kumfa da yusol kuwa in ana zuba su kullum a ciwon da ya riga ya yi tsabta, sabon naman suke ƙonawa, mutane suna ganin kumfa da zafi sai su ɗauka aiki ne.

Zuma

Nan zan ɗan daɗe saboda ita ce mutanenmu suka fi yarda da ita, kuma suna da dalili, a Suratun Nahli an ambaci waraka a cikinta, likitoci ma ba su musa ba. Sukarin da ke cikinta yana da kauri har yana janye ruwa daga ƙwayoyin cuta su kasa yaɗuwa, tana da ɗan tsami, kuma in ta haɗu da ruwan ciwo tana fitar da haidirojin kaɗan-kaɗan wanda bai kai ya ƙona nama ba. Tana rage wari, tana laushe mataccen nama ya fita, ba ta mannewa kamar busasshen goz. A ƙasar nan ma aka yi ɗaya daga cikin sanannun aikin da ake kafa hujja da shi, Dakta Efem na asibitin koyarwa na Kalaba ya buga rahoto a 1988 a kan marasa lafiya 59 masu gyambon da ya ƙi jin magani, kusan dukkansu suka samu sauƙi da zuma. Da aka zo aka tattara gwaje-gwajen duniya a 2015, inda hujjarta ta fi ƙarfi shi ne ƙunar da ba ta yi zurfi ba, tana rage kwana huɗu zuwa biyar a kan wankin da aka saba, a sauran gyambuna kuma hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wace zumar. Ta asibiti irin su Medihoney, wadda ake yi da zumar manuka ta Niyu Zilan da Ostareliya, an tace ta an kashe ƙwayoyin cutar cikinta da haske na musamman, amma tana da tsada kuma sai an nema a manyan famasi. Ta cikin robar ruwa da ake yawo da ita a tasha kuwa Allah kaɗai Ya san abin da ke ciki, da yawa sukari ne aka dafa, wadda ma take ta gaskiya tana iya zuwa da ƙura da ƙafar ƙuda da ƙwayoyin cutar da ke jure zama a cikinta. In za a yi da ta gida a samo daga mai amya da aka sani, a tace da kyau, a nuna wa ma'aikacin lafiyar da ke duba ciwon ya amince, a zuba ta a kan goz sannan a ɗora. Tana yi wa wasu zugi, ciwo mai ruwa yana tsinka ta da wuri sai an canza kullum, kuma in ba a naɗe da kyau ba kiyashi zai biyo ta har kan katifa da dare.

Man azurfa da kayan da ke da azurfa

Farin man nan na ƙuna mai sinadarin azurfa, Dermazin da 'yan uwanshi, tun 1968 aka fito da sinadarin kuma yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, kuɗinshi matsakaici ne kuma ana samu ko ina. Amma sai an wanke tsohon an shafa sabo kullum, yana barin wani farin dasashi a kan ciwon da ke hana a ga abin da ke ƙasa, kuma gwaje-gwaje sun nuna a ƙunar sama-sama yana jinkirta rufewar fata in aka kwatanta da kayan zamani. Yana da sinadarin salfa, duk wanda Septrin ko Fansidar ke yi wa ƙaiƙayi ko ƙuraje ya nisance shi, haka jariri sabon haihuwa da mai ciki da ta kusa, da masu ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa, matsalar gado ce da take da yawa a cikin mazan ƙasar nan. Akwai kuma ƙyallayen azurfa irin su Acticoat da Aquacel Ag da suke yin kwanaki kafin a canza, sun fi sauƙi sun fi tsada. Ƙa'idar azurfa ita ce a yi kamar mako biyu a sake dubawa, ba abin shafawa wata da watanni ba ne.

Filastocin zamani

Waɗannan a gurguje. Akwai mai kauri kamar roba irin DuoDERM da ke riƙe danshi ya kai har mako ɗaya, yana kyau ga gyambon kwanciya da bai yi zurfi ba, amma ba a rufe ciwo mai mugunya da shi, kuma a zafin Afrilu da Mayu gumi yana ɗaga bakinshi kafin lokaci. Akwai aljinet da ake yi da ciyawar teku, irin Kaltostat, na ciwo mai zubar ruwa da yawa, a busasshen ciwo ba ya da amfani. Akwai mai soso shi ma na tsotse ruwa. Guda ɗaya ya fi goz tsada nesa ba kusa ba, amma ga wanda ke zuwa daga Batsari ko Mai'aduwa, zuwa sau biyu a mako maimakon kullum ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Gilashin kanshi

Asalinshi ba don fata aka yi shi ba, don ƙashi ne. Farfesa Larry Hench na Jami'ar Fulorida shi ya haɗa shi a 1969, bayan wani kanar na sojan Amurka da ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya koka mashi cewa ana yanke wa samari hannu da ƙafa saboda jiki yana ƙin ƙarfe da robar da ake dasawa. Wanda ya haɗa, 45S5 ko Bioglass, kashi 45 cikin ɗari silika ne, sodiyam da kalsiyam kowanne 24.5, fosfaras 6. Gilashin taga da na kwalba silikarshi ta kai wajen kashi 70, shi ya sa ba ya narkewa a jiki sai dai ya yanka, wannan kuwa da ya haɗu da ruwan jiki sai ya fara sakin sinadaranshi a hankali har samanshi ya rikiɗe ya koma irin ma'adinin ƙashi, ƙashi ya kama shi. An yi amfani da shi a ƙananan ƙasusuwan kunne tun tsakiyar shekarun 1980, sai cike ramin ƙashin haƙori, har a wasu nau'in man goge baki na Sensodyne akwai garinshi da sunan NovaMin. Don Allah kada wani ya ji haka ya ce ashe makilin da ake shafa wa ƙuna yana da asali, ba ya da shi, ɓata ciwo yake.

Na fata daga baya ya zo. A jami'ar kimiyya da fasaha ta Mizuri da ke garin Rolla, Delbert Day da Steve Jung suka musanya silika da boron, wanda ya kai kashi 53 na haɗin, sai gilashin ya zama mai saurin narkewa, aka kuma ja shi ya zama zare siriri fari mai laushi, in ka gan shi auduga za ka ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2016, ana sayar da shi da sunan Mirragen. Likita yana kankare mataccen naman ciwon, ya cusa zaren ya cika ramin, ya rufe da wani ƙyallen a sama, ba a ɓamɓaro shi don narkewa yake a ciki cikin kwanaki, sai dai a ƙara wani bayan kamar mako ɗaya. Zaren yana ba sababbin ƙwayoyin nama abin kamawa su ratsa ramin, kalsiyam yana taimaka wa jini ya daskare, sinadaran da yake saki suna zaburar da tsirowar ƙananan jijiyoyin jini, wanda shi ne abin da gyambon mai suga ya fi rasawa, sannan yana rage tsamin wurin ta yadda wasu ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin zama. Masu bincike suna ta gwada ƙara mashi tagulla da azurfa da zinki, amma yawancin wannan har yanzu a ɗakin gwaji da jikin dabbobi yake.

Hujjarshi a kan mutane fa? Gwajin da aka fi ambata shi ne na David Armstrong da abokan aikinshi da aka buga a 2022, mutum 40 masu gyambon suga a ƙafa aka raba biyu, bayan mako 12 kashi 70 na waɗanda aka sa wa gilashin sun warke, ɗaya ɓangaren kashi 25. Tazara ce babba wallahi, ni ma da na gani sai da na ji daɗi. Sai dai a lura da kyau, mutum 20 ne kawai a kowane ɓangare, kamfanin da ke yin gilashin ne ya ɗauki nauyin aikin, kuma waɗanda aka zaɓa masu gyambon da bai kai ƙashi ba ne, ba mugunya, jini yana isa ƙafar, sannan dukkansu ana kankare masu mataccen nama ana hana su taka wurin. Yanzu ka kwatanta da yadda ake kawo marasa lafiyarmu asibiti, bayan wata uku ana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe a gida, ƙafa ta kumbura tana wari yatsa ya fara baƙi suga ya haura sama. Ɗora gilashin dala a kan wannan ƙafar daidai yake da watsa takin zamani a gonar da ba a nome ba, ciyawa ce za ta ci. Ba ya buɗe jijiyar da ta toshe, ba ya maye gurbin allurar kashe ƙwayoyin cuta, ba ya sauke suga.

Kuɗi kuwa shi ne mafi tsada a duk jerin nan, da dala ake sayenshi gwargwadon faɗin ciwon, kuma ba sau ɗaya ake sawa ba, mako-mako ne har a warke. A can ma ba a kanta ake ɗauka ba, asibiti ke sawa. Yana iya yin ɗan zafi ko zugi da farko. Babban haɗarinshi a wurinmu shi ne jabu, duk wanda ya tallata maku wani farin gari a Facebook ko WhatsApp ya ce gilashin warkar da gyambo ne, ba sunan kamfani ba lambar NAFDAC, ku rabu da shi, kuma kada wani mai ƙarambani ya daka kwalba ya ce ai duk gilashi ne.

| Abu | Kuɗi | Canji | Wa zai sa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Goz da salin | araha, amma yana taruwa | kullum | nas ko ɗan gida da aka koya wa | mannewa, yage sabon nama |
| Zumar gida | araha zuwa matsakaici | kullum | ɗan gida da sanin ma'aikacin lafiya | jabu, datti, kiyashi |
| Zumar asibiti | tsada | kwana 1 zuwa 3 | nas ko ɗan gida | zugi |
| Man azurfa | matsakaici | kullum | nas | salfa, jinkirin rufewa |
| Filastar zamani | matsakaici zuwa tsada | kwana 2 zuwa 7 | nas | rufe ciwo mai mugunya |
| Audugar gilashi | tsada sosai | kamar mako-mako | likita | jabu, sawa kafin a gyara ciwon |

Wa ya dace da wanne

Yaron da ruwan zafi ko garwashin jin ɗumi ya ƙona, ko ƙunar salansar mashin, a fara da sakar mashi ruwan sanyi na famfo ko randa na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba ƙwai ba man ja ba toka ba man birki. In ƙarama ce ta sama-sama, zuma mai kyau ko goz mai basilin sun wadatar. In ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko a fuska ko hannu ko al'aura ko gaɓa take, ko wurin ya yi fari ba ya jin zafi, asibiti kai tsaye. Gilashi ba ya cikin lissafi a nan.

Ciwon faɗuwa a mashin, a wanke ƙasa da tsakuwa tas, a yi allurar tetanus, goz mai basilin ya isa.

Hajiya ko Baba da ke kwance, juyi duk bayan awa biyu da tsabta da abinci mai gina jiki, ƙwai, wake, nono, kifi, su ne kan gaba, sai filasta mai kauri in ciwon sama-sama ne, aljinet ko mai soso in rami ne mai ruwa.

Mai sikila da gyambon idon sawu yana buƙatar likitanshi na jini tare da mai wankin ciwo, a riƙa ɗaga ƙafa, a zaɓi abin da ba ya mannewa don ciwon nan yana da zafi ƙwarai, zuma ko filastar zamani sun fi busasshen goz tausayi.

Ciwo mai wari da mugunya, a kankare, a ba da maganin da likita ya rubuta, azurfa ko ayodin ko zuma na ɗan lokaci. A daina fasa kafso ana barbaɗa garinshi a kai.

Mai suga kuwa shi ne wanda zancen gilashi ya shafa da gaske. A fara kai shi inda akwai likitan tiyata, asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina ko babban asibitin da ya fi kusa, in abin ya girma a nemi takardar turawa Kano ko Shika. A duba ko jini yana isa ƙafar, a yi hoton ƙashi in ramin ya yi zurfi, a daidaita suga, a kankare, a nema mashi sanda ko takalmin da zai hana shi taka wurin, ko masallaci ne a yi haƙuri a kai shi a kujera. Duk mako a ajiye rula kusa da ciwon a ɗauki hoto da waya. In bayan mako huɗu ana yin duk wannan ciwon ya ragu da rabi, hanyar da ake kai tana aiki, kuɗin gilashi a saya mashi abin gwajin suga da insulin da abinci. In kuwa ciwon tsaf yake, ja, ba wari ba mugunya, jini yana zuwa, amma ya tsaya cak ya ƙi matsawa, toh wannan shi ne irin wanda aka yi gwajin a kanshi, kuma in akwai hali sai a zauna da likitan a tambaye shi ko zai karɓa ya sa da hannunshi, nawa za a buƙata na makonnin gaba ɗaya ba na sati ɗaya ba, sannan a sa ɗan da ke waje ya nemo ta hannun kamfanin ko asibiti, a cikin kwalinshi a rufe da ranar lalacewa a jiki.

Gyambon da ya shekara da shekaru, musamman a kan tsohon tabon ƙuna, bakinshi ya yi tudu yana zubar jini da an taɓa, kada a ɗora mashi komai sabo sai an yanki ɗan nama an kai gwaji, don irin wannan yana iya rikiɗewa ya zama daji. Zazzaɓi, ja mai hawa sama, yatsa ya yi baƙi, ko ƙashi ya leƙo, a ranar ake tafiya asibiti ko da dare ne.